Ku Kwantar da Hankalinku, Ba a Tuɓe Gatari Ba

Tun ranar Alhamis ɗin da na sauko daga motar Katsina a Batsari da wani kwali a hammata, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Abin da ke cikin kwalin zarton inji ne mai sarƙa, irin mai aiki da batir. Na saye shi ne saboda wani bedi da ya shekara uku yana yi wa kwanon ɗakin mahaifiyata barazana duk farkon damina. Kuskurena ɗaya, na buɗe shi a gaban jama'a, kuma ranar kasuwa. Kafin la'asar labari ya kai Ruma wai ɗan boko ya sayo tocilan zai sare icce da ita.

To, masu dariya, na ji ku. Yau ku gyara zama in bi ku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi gaskiya zan ba shi abarsa, don akwai masu gaskiya a cikinku, sai dai ba su kai yawan da suke zato ba.

Da Baffa zan fara, tunda shi ya fara. Ya juya abin a hannu, ya shinshina bai ji warin fetur ba, ya ce, "Kunna mu ji." Na danna maɓalli, sarƙa ta zagaya, fiii, kamar keken ɗinki. Ya jira wai ko ɗumi yake yi kafin ya tashi. Da ya ga ba ƙari sai ya ce, "Shi ke nan kukan nashi? Ɗana, an cuce ka. Injin da bai tada barcin maƙwabci ina zai iya da icce?"

Baffa, Allah ya ƙara girma, ba kai kaɗai ba ne. Mu mutanen nan da kunne muke auna ƙarfin inji. Yaro zai sayi babur sabo fil, bai gamsu ba sai ya kai an huda masa salansa. Injin niƙa in bai hana hira a unguwa ba sai a ce ya tsufa. Amma da kuka ne ƙarfi, ai da jaki za a yi hawan salla. Rurin da kake ji a injin fetur ƙonewar mai ce a cikin tukunyarsa. Abin da ke cin itacen shi ne haƙoran sarƙa da saurin zagayawarta, kuma sarƙar na batir da ta na fetur ƙira ɗaya ce. Ihun nan da kake so ma kuɗi ake biya a kansa. Zarton fetur yana wuce desibel 100, alhali masana ji sun ce daga 85 zuwa sama, in an daɗe a ciki, kunne yana lalacewa. Shi ya sa mai injin da kuke ɗaukowa haya, ka ce masa ina kwana ya ce maka ba ragi.

Wani abu kuma da zai ba ka haushi, tunda kai mutum ne mai son a bi girma: na lantarkin shi ne wa. Bajamushen nan Andreas Stihl, wanda sunansa ke jikin injinan ruwan lemo da masu yankan katako ke alfahari da su, zarton da ya fara fitarwa a 1926 na lantarki ne, mai nauyin sama da kilo 40, sai mutum biyu sun kama. Nasa na fetur sai 1929 ya fito. Ka ga ashe ƙane ne ya yi kaurin suna saboda yawan surutu, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Haƙorin sarƙar da ake amfani da shi yau kuwa, wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, shi ya kwaikwayo shi daga bakin wata tsutsa mai huda kututture, ya fara ƙera shi a 1947. Tsutsar nan ba wanda ya taɓa jin ta yi ihu, ga ta nan tana cinye kututture.

Sai taubashina na Safana, bawana tun na kakanni, wanda ya ga allon lissafi sau biyu ya ɗauka shi injiniya ne. Ya bari sai da jama'a suka taru sannan ya ce, "Ubangidana da bakinka kawai. To, da wace wutar za ka yi cajin? Ko da hasken farin wata?" Aka fashe da dariya, ni ma na yi, don bawa in ya yi magana mai ma'ana sau ɗaya a shekara ya kamata a ƙarfafa masa gwiwa.

Tambayarsa ita ce tambayar gaske, kuma a kanta zaɓin duk ya rataya. Zarton lantarki iri biyu ne, akwai mai igiya da ake jonawa a bango, akwai mai batir. Mai igiyar ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, ba ya gajiya muddin akwai wuta. A wannan "muddin" ɗin ne gizo ke saƙar. Yawancinsu suna jan wat 1,800 zuwa 2,000. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin, mai wat 650 zuwa 950, kana jona masa shi zai yi tari ya mutu. Sai babba, mai kVA 3 ko kusa da haka, ka ga an koma gidan jiya, fetur ɗin da ka guda ya biyo ka ta bayan gida. In kuma wutar layi ce ta zo a raunane, irin wadda ƙwai ke yin ja kamar garwashi, injin zai yi ta nishi yana zafi har ya ƙone. Ga doguwar waya, in siririya ce ta yi zafi, in ka yi sakaci ka yanke ta da kanka. Masassaƙin da ke da shago da babban janareta, ko mai gidan da ya haɗa sola mai ƙarfi kuma itatuwansa duk suna cikin tsakar gida, mai igiya zai yi masa. Mai garka a bakin fadama, ko mai gonar mangwaro a hanyar Wagini, ya bar wa mutanen birni wannan.

Mai batir kuwa lissafinsa ba wuya, bawana, har kai za ka iya. Dubi jikin batirin, akwai lamba mai V, akwai mai Ah. Ka ninka su. In 36 ne da 5, ka sami 180, awon abin da ke cikin tulun ke nan. Batirin babbar wayar hannu bai cika wuce 19 ba a wannan awo. Wato cika batirin zarto ɗaya kamar cajin waya tara ne ko goma. Farantin sola mai wat 200, a ranar da muke da ita a nan wadda ke dafa ƙwai a kan kwano, ba zai sha wuyar wannan ba. Abin lura dai, cajarsa wutar bango take so, don haka sai an bi ta inbata, kuma wasu cajojin ba sa jituwa da inbata mai arahar nan. Ka gwada kafin ka biya. In kuma wurin mai cajin waya za ka kai, kada ka yi masa wayo ka ba shi kuɗin waya ɗaya. Ya san lissafi, ya fi ka.

Da na kawo nan sai taubashin ya ce to ai fetur ko'ina akwai shi, ko a kwalba. Haba bawana, mantuwa ce ko ƙeta? A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar matakan tsaro, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni har da na Batsari da Safana. Zarton fetur ba ya tuƙa kansa zuwa gidan mai, a jarka ake kawo masa. Daga baya, ranar 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Kuma ba fetur zalla yake sha ba, sai an gauraya masa man inji, kashi ɗaya cikin 50 a masu kyau, wasu masu arahar ɗaya cikin 25. Ka kuskure awo fulogi ya yi baƙi ko fistin ya kama. Ka ajiye shi wata uku da mai a ciki, kafireto ya toshe, ranar da kake buƙatarsa ka yi ta fizgar igiya har kafaɗa ta goce, yara suna ƙirga maka.

Na ɗauka na kayar da shi. Sai ya yi murmushi ya ce, "A watan Satumban 2021 ɗin dai, ba an katse layin waya ba? Ba an rufe shagunan caji ba? A ina za ka yi cajin naka?" Wallahi ya kama ni. An yi haka kuwa, kowa ya tuna lokacin da sai an yi tafiya kafin a buga waya. Abin da na iya ce masa shi ne, ranar da ta faɗo kan kwanon gidanka ba a auna maka ita a jarka. Wanda zai sayi zarton batir, ya fara tanadin inda zai yi caji a cikin gidansa. In babu, kuma ba shi da niyya, ya riƙe kuɗinsa ya sayi sabuwar ƙota.

Yanzu ku matso, ku samarin da ba ku yi mini dariya ba, kuka koma gefe kuna latsa waya kuna neman irinsa. Ku ne kuka fi ba ni tsoro. Washegari wani ya nuno mini hoton wani ɗan mitsitsi, tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba, an rubuta 98V ɓaro-ɓaro a kwalin, ya ce, "Yaya, wannan ya ninka naka kusan sau uku, kuma kuɗinsa bai kai rabi ba." Ƙanena, kwali ba ya jin kunya. Batirin da ke jikin irin waɗannan, ƙwayoyi biyar ne aka jera a ciki, kowace 3.6, jimla 18. In sun cika taf su taɓa 20 ko 21, shi ya sa za ka ga wani kamfani ya rubuta 18, wani 20, wani 21, alhali abu ɗaya ne. Wanda ya rubuta 98 kuwa, lambar gidansu ya sa. Ɗauki batirin ka jinjina. Mai gaskiya yana da nauyi, na ƙarya kamar fankon ashana.

Ban ce ɗan ƙaramin ba shi da amfani ba. Mai inci 4 ko 6 yana gyara gwaba da zogale da lemo, reshen da bai wuce kaurin dantse ba. Matsalar ita ce mai shi ba ya tsayawa a dantse. Yau gwaba, gobe ya hango tsamiya. Kafin ka sayi komai, je ka auna reshen da ya fi damunka. Ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, wanda ni nake kira takobi, ya ɗara kaurin reshen da kamar inci biyu. Aikin tsakar gida da garka, rassan bedi da mangwaro da turare masu kaurin cinya, takobi mai inci 12 zuwa 14 a kan batir mai 36 ko 40 ya wadatar. Wasu kamfanonin, kamar Makita, batir biyu masu 18 suke haɗawa su ba da 36. Ka nemi wanda injinsa ba ya amfani da burushin kabon, ya fi tattalin caji, kuma ba abin da zai cinye a ciki ka shiga neman mai gyara.

Sannan ka sani, ba zarto kake saye ba, gidan miji kake zaɓa wa kuɗinka. Batirin Makita ba ya shiga Ingco, na Stihl ba ya shiga Husqvarna, kowane da danginsa. In kana da injin huda ko na goge ƙarfe mai batir, fara duba ko danginsa suna da zarto, ka huta da sayen caja biyu. Kafin ka miƙa kuɗi, a Katsina ne ko a Sabon Gari ta Kano, ka tambayi mai shago abu uku: sarƙar canji, batirin canji, da magagarin wasa haƙora daidai da sarƙar. In ya fara duban rufi yana cewa kaya suna hanya, kai ma kama hanya. Kuma batir biyu za ka saya. Mai batir ɗaya rabin yini yake aiki, sauran rabin yana zaune kusa da caja yana ba ta labari.

Wani dattijo maƙeri ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, ya shiga rumfarsa ya mirgino wani guntun ƙirya busasshe da ya ajiye don gawayi. Ya ce, "Bismilla." Jama'a suka yi da'ira. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ku daɗi: na yanka, ya fita, amma sai da injin ya tsaya sau biyu yana huci, kuma fitilun batir huɗu suka koma biyu. Ya ce, "Saura tara irinsa a ciki." Na ce Baba, ina da uzuri a gida.

Ya yi gaskiya, kuma ga hannuna a sama. Busasshiyar ƙirya da marke ba abokan wasan ƙaramin zarto ba ne. Mai son ya kayar da ƙaton itace ya tsaga katako daga safe zuwa magariba, na fetur zai nema, ko manyan na batir da kuɗinsu ke sayen saniya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ku ma ku faɗa mini tsakani da Allah, sau nawa a shekara kuke yanka ƙirya a tsakar gida? Abin da ke gabanku reshen bedi ne da ya kwanta kan katanga, da mangwaron da ya rufe wa rogo rana, da wanda iskar farkon damina ta karya ya tare ƙofa. Don wannan ne za ka jira mai inji kwana huɗu, ya zo ya ce kai za ka sayi mai, ya yanke abin da ka ce da wanda ba ka ce ba?

Gwaggo ita ko ba ruwanta da V da Ah. Ta leƙo daga madafa ta ce, "Yana faskare?" Na ce a'a. Ta ce, "To mi amfaninshi?" ta koma ciki. Tambaya ɗaya, ta gama da ni. Zarto gunduwa-gunduwa yake yi, tsagawa aikin gatari ne, jiya da yau da gobe. Mai faskare ya kwana da shirinsa, sana'arsa tana nan, sai ma sauƙi da ya samu tunda guntayen sun zo masa a daidaice. Ku mutanen Safana da kuka fi kowa tada jijiyar wuya, na san abin da ke cin ku. A ƙasarku ne hakimin Zakka ke riƙe da sarautar Gatarin Katsina, kun ɗauka na zo da takardar tuɓewa. Ku kwantar da hankalinku. Ba a taɓa naɗa Batirin Katsina ba, kuma ban ji ana shawarar yi ba.

Akwai magana ɗaya da ban yi wa dariya ba. Wani tsohon malamin daji, wanda ya yi aiki tun zamanin shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa Katsina a ƙarshen shekarun 1980, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, da can in an kunna inji a gandu, daga nesa muke ji mu bi sawu. Wannan naka ɓarawo ya samu." Na yi shiru, don duk wanda ya san Dajin Rugu a da, ya kuma ga abin da gatari da gawayi da motocin itace suka bar masa, ba zai ce tsohon nan yana ruɗu ba. Abin da ba ya ƙara yana iya shiga gonar wani da dare ya kwashe masa gawo.

Na ba shi amsa biyu. Ta farko, shirun nan yana da wata fuskar da duk manomin yammacin nan ya sani ba sai an buɗe ta ba. Akwai gonakin da mutum ke so ya je ya yi abin da ya kai shi ya dawo, ba tare da ya yi shelar inda yake ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan zamani. Ta biyu kuma, gajiyar da maƙeri ya kama ni da ita, ita ce ta sa hankalina ya kwanta da abin. Injin da numfashinsa ke ƙarewa bayan ya gyara itace biyu ko uku ba shi ne zai share daji ba. Mai cin daji fetur yake ɗauka da jarka, don jarka ba ta jiran rana. Na batir ɗin an yi shi ne daidai aikin aski, ba na yanka ba.

Askin kuwa ku tsallaka Maraɗi ku gani, ba nisa, ta Jibiya ne. Tun wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman can suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu tana ƙasa. Maimakon a aske tohon duka, sai a zaɓi 'yan ƙarfafa a bari, a rage sauran, a riƙa datse rassan ƙasa suna miƙewa. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan dabara aka farfaɗo da fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma da adda da ɗan gatari aka yi, ba da inji ba. Mu da muke da kalgo da sabara da gawo suna tohowa a gonakinmu muna ƙone su, mu ne ya kamata mu ji kunya. Gawon nan da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci, makiyayi da barandami yake sassare shi, wani lokaci reshe ya ɓalle ya yage ɓawon har gindi. Yankan zarto sumul yake fita, itace ya warke da wuri. Sai dai a yi shi da ƙa'ida: ka fara ɗan yanka ta ƙasan reshen, ka koma sama gaba kaɗan ka sauke shi, sannan ka daidaita guntun da ya rage kusa da jiki ba tare da ka ci jikin ba. In kuma kayarwa za ka yi gaba ɗaya, ko a gonarka ne, leƙa wurin malaman daji na ƙaramar hukuma tukuna. Shirun injin ba takardar izini ba ne.

Saura ku masu cewa wasan yara ne. Ku ne za ku fara zuwa asibiti. Na fetur ko banza yana gurnani, kowa ya ja baya. Wannan kuwa yana kwance lamo kamar mushe, yaro ya danna ya tashi nan take. Ka gama aiki, ka zare batir, ka ajiye shi inda hannun yaro bai kai. Kada ka kusance shi da babbar riga ko jelar rawani ko mayafi, sarƙa ba ta san alhaji ba. Hannu biyu, ƙafa biyu a ƙasa, takalmi rufaffe, tabarau a ido. Kada ka yanka abin da ya wuce kafaɗarka, kada ka hau tsani da shi. Na sama akwai mai doguwar sanda, jikan barandami, shi aka yi don haka. Sannan ka kiyayi hancin takobin ta sama. In ya taɓi itace ko katanga, injin tutsu yake yi ya dawo fuskarka kafin ka ce wayyo. Shi ya sa na kirki ke da birki a gaban hannu, kuma wanda ba shi da birkin, in ya wuce ɗan mitsitsin nan, ko kyauta ne ka ce ka gode.

Itatuwan gidajenmu ma suna da nasu makircin. Bedin tsakar gida ba wanda ya san adadin ƙusoshin da aka buga masa don igiyar shanya tun auren kaka, ɓawo ya haɗiye su. Nawa ya ci ɗaya a rana ta biyu, tartsatsi ya tashi, haƙora suka dakushe. Ga ƙasar da gara ke shafewa a jiki, ga ƙurar hunturu, duk yashi ne, yashi kuwa magagari ne a wurin sarƙa. Kankare wurin da adda kafin ka ɗora. In ka ga injin ya daina fitar da ɓarɓashi ya koma fitar da gari kamar na tuwo, ya dakushe, tsaya ka wasa, in ba haka ba batir ne ke biyan bashin. Kuma ko da ba ya shan fetur yana shan man sarƙa. Na san abin da kuke shirin yi, baƙin man da aka juye daga babur. Kada ku soma, yana toshe famfon, ga shi kuna fesa wa mangwaron da za ku sha. Batirin kuma ba ya son zafi. A watan Afrilu da awon zafi ke haura 40, kada ka bar shi a rana ko a ɗakin kwano rufe, kada ka jona shi caji yana huci daga aiki. Bari ya sha iska a inuwa kamar yadda kai ma za ka yi.

Bedin mahaifiyata dai an yi masa aski ranar wata Asabar, tsakanin hantsi da azahar, batir ɗaya da rabi. Jaririn maƙwabta yana barci a zaure bai motsa ba. Gwaggo ta sa aka kira mai faskare, ta tsaya a kansa, ta ce guntayen sun yi kyau amma kada in ɗauka ta sauya magana.

Bayan kwana uku, da asuba, sai ga yaro daga gidan Baffa. Wai Baffa yana gaisuwa, wai akwai wani ɗan reshen mangwaro da ya dame shi a garka, wai ba don abin yana da ƙarfi ba, don dai kada ya tashi mutane. Na ba yaron zarton da batir biyu da man sarƙa, na bi shi na nuna wa Baffa birki, na roƙe shi ya tuɓe babbar riga. Yau sati biyar ke nan. Na aika sau biyu, an ce yana Wagini wurin surukinsa. Jiya taubashina ya bugo waya daga Safana yana tambaya wai inci nawa ne takobin, wani abokinsa ne ke son sani. Na ce ya gaya wa abokin 12 ne, kuma in ya ga Baffa a hanya ya karɓo mini caja ko da ita kaɗai ce.